Fitilar Inna Saude

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin hannunku, domin labarin yau ba wanda ake ji a kaɗe riga a tashi ba ne. In na kai ƙarshe hukunci zan nema a wurinku, kuma ba na son mai ce mini duk ɗaya ne.

A wata unguwa ta bayan tasha a Gusau akwai wani lungu da ake kira Layin Durumi, saboda tsohon durumin da ke tsakiyarsa, daidai ƙofar masallaci. A layin nan akwai wani dattijo, Malam Isiyaku mai wuta. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, haɗa wayar lantarki a gidajen mutane. Mutum ne mai faɗan tsiya, amma in ya yi maka aiki sai dai jikokinka su canja shi don gayu.

Shi ya fara ƙawata layin da fitilu a watan Maulidi. Shekarar da mahaifinsa ya rasu ne ya rataya ƙwan lantarki guda a reshen durumin, ya ce duk wanda ya ga hasken ya yi wa tsohon addu'a. Maƙwabta suka gani, abin ya shiga ransu. Da shekara ta zagayo, wannan gida ya kawo ƙwai don uwarsu, wancan ya kawo don ɗansu. Tafi-tafi sai ya zama al'adar layin: duk gidan da aka yi rashi, in Maulidi ya zo za su kai ƙwai guda ƙofar Malam Isiyaku, ya ƙara shi a jere. Bayan biki kowa ya karɓi nasa, ya naɗe a tsumma, ya adana sai baɗi. Liman ya sha gaya musu cewa ƙwan lantarki ba ya kai lada kabari. Su kuma su ce sun sani, Allah gafarta malam, amma yana tuna wa mai wucewa ya ɗaga hannu. Da haka liman ya ƙyale su, daga baya ma shi kansa ya aiko da na yayarsa ta ƙofar baya.

Ƙwayaye dai kullum ƙaruwa suke yi, ba a taɓa rage ko ɗaya ba. Wayar kuwa tana nan yadda take, ita kaɗai, daga bakin layi har ƙarshensa. Malam Isiyaku ya san ta gaji, don a bara da ya taɓa ta sai da ya janye hannu saboda zafi. Amma wa zai dubi idon matar da mijinta ya rasu, ya ce mata ta koma da ƙwanta gida, wuri ya cika? Shi dai da duk faɗansa bai iya ba.

Shekarar da nake ba ku labari abubuwa suka haɗe wa dattijon. Da farkon damina matarsa Inna Saude ta rasu, matar da suke tare tun ba shi da gemu. Idonsa kuma, wanda ya daɗe yana ɓoye ciwonsa, ya kai inda likita ya gaya masa gaskiya: hawan jinin ido ne, an zo a makare, ɗan ganin da ya rage shi ma tafiya yake yi. Ya daina gane fuskar mutum. Abu mai haske sosai kawai yake gani, shi ma kamar mai leƙe ta ɓular ƙofa. Kamar wannan bai isa ba, ana dab da ganin wata taransifomar unguwa ta yi ƙara ta ƙone, kuma kowa ya san ba a wannan watan za a gyara ta ba.

Malam Isiyaku ya sa aka sayo masa koren ƙwai, don Inna Saude ba ta da zanen da ta fi so irin kore. Ya sa shi a aljihun gaba, yana zaune a zaure yana shafa shi ta bayan riga. Babu abin da yake so a duniya sai ya ga ƙwan nan yana ci a jikin durumi da idonsa. Ya san baɗi ko an kunna, sai dai a ba shi labari.

Ya aika aka kira 'ya'yansa uku. Babban shi ne Lurwanu, makanikin injuna. Mai bi masa Basira, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, tana aure a unguwar gaba. Sai Mudi, autansu, magidanci mai iyali, yana da ɗan shagon kayan masarufi a bakin layi. Da suka zauna, tsohon ya ce:

"Tsani ya fi ƙarfina, ido kuma ya yi sallama. Ban taɓa roƙonku komai ba tun da aka haife ku. Ina so in ga fitilar uwarku. Wanda ya tsaya mini a kan wannan, shi zan damƙa wa akwatin kayan aikina, ya riƙe wutar layin nan a bayana."

Akwatin nan in kun gan shi ba za ku ɗauka a hanya ba. Tsohuwar filaya ce a ciki, da sukundireba, da abin gwada wuta da bakinsa ya cinye. Amma wanda yake riƙe da shi, ƙofarsa masu rashi suke ƙwanƙwasawa, kuma babu girman da ya kai wannan a Layin Durumi. 'Ya'yan ba su damu da akwati ba. Muryar ubansu ce ta karya musu zuciya, don ba su taɓa jin ta yi laushi haka ba.

Lurwanu ya ɗauki maganar inda za a samo wuta. Ƙananan janaretocin da ke layin ko an tara su ba za su ɗauki rabin fitilun ba. Duk unguwar inji ɗaya ne zai iya, wani ƙato da ya mutu shekaru da dama, yana jibge a bayan gidan niƙan Alhaji Barau. Shi kuwa Alhaji Barau uban matar da Lurwanu ya saka ne cikin fushi, a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tun daga ranar, in Lurwanu ya hango tsohon surukin nasa sai ya canja hanya. Da aka gaya wa Malam Isiyaku inda ɗansa ya nufa, bai sa rai za a dace ba, domin ya san girman kan yaron nan, a wurinsa ya gada.

Lurwanu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a rana. Alhaji Barau ya yi kamar bai gan shi ba, yana ta sallamar masu niƙa, har gumi ya jiƙe rigar Lurwanu sharkaf. Can ya waiwayo.

"Wa nake gani kamar Lurwanu? Ashe ka san hanyar gidan nan?"

"Baba, na yi laifi, ban zo kare kaina ba. Don idon mahaifina na zo."

Alhaji Barau ya wanke shi tas a gaban mutane, bai rage masa komai ba, Lurwanu kuwa kansa na ƙasa. Da tsohon ya gama huce haushinsa sai ya nuna injin da haɓa, ya ce, "Ɗauka, in kana iya tayar da gawa." Lurwanu ya wargaza injin nan gaba ɗaya. Ya tarar ɓeraye sun yi gida a cikinsa, sun cinye wayoyi. Ya rufe garejinsa, ya bar aikin mutane, ya zauna yana naɗa waya da hannu har yatsunsa suka tsattsage. Ya girke shi a fili bayan masallaci, nesa da inda jama'a za su zauna saboda hayaƙi, ya yi masa rumfar kwano don ruwa. Wata rana da hantsi Malam Isiyaku yana zaure ya ji wani abu ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da ruri. Tsohon ya yi hamdala a fili.

Basira ta ɗauki maganar yadda za a raba wutar. Ta jawo tsohuwar wayar daga inda ake ajiye ta, ta lanƙwasa, sai robar ta ruguje a hannunta kamar ƙanzo. Ta ce wa ubanta in aka ɗora duk fitilun nan a kan waya guda, ga kuma injin Yaya Lurwanu mai ƙarfi, wayar narkewa za ta yi, kuma rumfunan zana ne a ƙarƙashinta tun daga farko har ƙarshe. Tsohon ya harzuƙa, duk da ya san gaskiya ta faɗa.

"Ke Basira, ni za ki koya wa wuta?"

"A'a, Baba. Kai ka ce mini in waya ta yi zafi a daina ƙara mata kaya. Maganarka ce na dawo maka da ita."

Ta kama hannunsa, ta buɗe tafin, ta riƙa zana masa tsarin da yatsa tunda ba ya ganin zane. Layin za a kasa shi uku. Kowane kashi da wayarsa mai kauri da ta taso kai tsaye daga inji, da makunninsa, da fis ɗinsa, yadda in ɗaya ya sami matsala zai yanke kansa, sauran su ci gaba da ci. Malam Isiyaku ya bi yatsan nan a tafinsa har ƙarshe. Bai ce ta yi daidai ba, amma bai janye hannun ba.

Wannan ne ma mai sauƙin. Yawancin ƙwayayen da mutane suka adana irin na da ne, masu zafi, masu cin wuta, kuma ko an kasa layin uku sai an canja su da sababbi masu cin kaɗan. Sai Basira ta yafa mayafi ta riƙa bin gidajen da 'yan'uwanta maza ba su da ikon shiga. Ta sha magana. Wasu suka ce 'yar boko ta zo rushe abin da ubanta ya gina. Wata tsohuwa, Gwaggo Indo, ta yi tsalle ta dire, ta rungume nata ƙwan a ƙirji.

"Na ɗakin Malam maigidana ne, da shi yake karatu har ya bar duniya. Ki ce in sa wani baƙo a wurinsa? Tashi ki ba ni wuri!"

Basira ba ta tashi ba. Ta jawo faifan waken da tsohuwar ke tsincewa, ta taya ta. Washegari ta dawo, ta kuma dawowa. Rannan suna zaune sai ta ce, "Gwaggo, to in aka ɗaure na Malam da zare kusa da sabon fa? Ba za a jona shi ba, amma hasken zai bi ta cikin gilashinsa, duk mai wucewa shi zai gani." Gwaggo Indo ta juya ƙwan a hannu, ta yi kuka, sannan ta miƙa mata. Da labarin ya bazu, gidajen da suka ƙi a da suka riƙa aiko da nasu, kowane a naɗe cikin tsummansa.

Mudi kuwa, shi ne kaɗai a cikinsu ya koyi aikin a hannun uban. Ana cewa ma hannunsa ya fi na tsohon kyau. Amma yana matashi wuta ta taɓa jefo shi daga saman falwaya, ya karye a ƙugu, ya yi jinya mai tsawo, har yau yana ɗan ɗingishi. Tun daga lokacin ko kan kujera ya hau don sauko da kaya a shago sai zufa ta keto masa. Da aka zo kan hawa sama a ja waya, aka ce a ɗauko masu aiki daga waje. Mudi ya ce ya san irin aikin gaggawa, a murɗe waya a naɗe da leda a tafi, kuma damina ba ta ƙare ba. Ya je da kansa ya ɗauko tsanin ubansa.

Malam Isiyaku ya ce shi zai riƙe masa gindin tsanin, wannan ko makaho ya iya. Da Mudi ya fara hawa, tsohon ya ji rawar ƙafafunsa tana saukowa ta cikin katako har tafin hannunsa. Tausayi ya kama shi, ya buɗe baki zai ce ya sauko a haƙura, sai ya ji tsanin ya ƙara nauyi sama. Haka suka yi ta yi, kwana da kwanaki, uba a ƙasa, ɗa a sama, kuma rawar nan ba ta taɓa dainawa ba. Duk inda waya ta haɗu da waya sai Mudi ya murɗe ta tamau, ya naɗe, ya zura ta cikin guntun tiyo, ya juya bakin ƙasa don kada ruwa ya shiga. Bai yarda ta taɓa kwano ko ƙarfe ba ko a wuri ɗaya. Ya ɗaga ta sama yadda ko mai ɗauke da dami a ka ba zai shafe ta ba. Koren ƙwan Inna Saude shi ya rataya a ƙarshe, a reshen da ke kallon ƙofar gidansu.

Ranar da za a kunna, bayan la'asar, hadari ya taso da iska mai ƙarfi, aka sheƙa ruwa. Wani reshen durumin ya karye ya faɗo kan rumfar masallaci. Da aka ɗauke ruwan, matasa suka janye reshen, aka duba daga ƙasa, wayoyi suna nan a miƙe, ba abin da ya tsinke. Jama'a suka ce alhamdu lillahi, a tayar da inji, magariba ta kawo kai. Mudi ya ce kada wanda ya taɓa injin nan. Aka fara gunaguni, har wani ya ce tsoronsa ne ya motsa. Shi kansa Malam Isiyaku ransa ya ɓaci, don ya ƙagu.

Mudi bai kula kowa ba. Ya hau jiƙaƙƙen itacen nan mai santsi, yana bin wayar da hannu taƙi bayan taƙi. A saman rumfar masallaci ya tarar da abin da ba a gani daga ƙasa: reshen ya feɗe robar, ya danne tsirarar waya a jikin kwano. Rumfar kuwa ƙafafunta na ƙarfe ne, suna tsaye cikin ruwan da ya kwanta, kuma a nan mata da yara suke taruwa su jingina duk shekara. Ya yanke wurin, ya sake haɗawa, kwanon ya tsaga masa tafin hannu, ya ɗaure da hularsa ya ƙarasa. Ya sauko ya nuna wa masu gunaguni guntun wayar. Wata mata ta janyo 'yarta daga jikin ƙarfen ta rungume, ko da yake ba a kunna komai ba tukuna.

Bayan an idar da sallar magariba, layi ya cika maƙil. Lurwanu ya tayar da inji. Aka kawo Malam Isiyaku gaban makunnan nan uku, aka ɗora hannunsa a kai. Ya yi bisimilla ya danna na farko, bakin layi ya kama, yara suka sa ihu. Ya danna na biyu, ƙarshen layi ya amsa. Ya danna na uku, durumin ya haskaka tun daga ƙasa har sama, tsofaffin ƙwayaye suna ƙyalli kusa da sababbi.

Tsohon ya ɗaga kai. Da yake ganin nasa ya ƙuntace, sai da ya riƙa juya kan gaba ɗaya, a hankali, yana bin fitilun ɗaya bayan ɗaya. Fari, fari, ja, fari. Ba wanda ya nuna masa, don kowa ya gane yana so ya samo ta da kansa. Can sai ya tsaya.

"Ga ta can," ya ce. "Ga Saude can."

Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'izarta, ya tsaya a tsakiyar layi yana kuka kamar yaro. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, domin rabin masu kallon su ma kukan suke yi.

Da aka shafa addu'a, aka ɗauko akwatin aka ɗora masa a cinya. Nan fa magana ta tashi. Alhaji Barau, wanda ba wanda ya zaci zai zo, ya ce ko shi da ke jin haushin Lurwanu ya san gaskiya: ba don injin ba, da waya da tsari duk kayan ado ne a cikin duhu, kuma yaron ya sayo wutar nan da mutuncinsa. Gwaggo Indo ta ɗaga murya daga cikin mata, ta ce injin nan da gobara zai kawo ba don Basira ba, kuma ita kaɗai ta san yadda ake karɓar ƙwai daga hannun mai rashi ba tare da an karya masa zuciya ba. Liman ya ce shi dai ya ga guntun wayar da idonsa, ba don Mudi ba da yanzu makoki ake yi a ƙofar masallacinsa, kuma mutumin ya hau abin da ya fi tsoro a duniya.

Wani ya ce a raba kayan uku mana, kowa ya ɗauki nasa. Malam Isiyaku ya girgiza kai. Ya ce filaya a wani gida, tsani a wani gida, wannan ba aiki ba ne, kuma wanda aka yi wa rasuwa ƙofa ɗaya yake buƙata ya ƙwanƙwasa. Baɗi shi ba zai gani ba balle ya raba gardama, don haka yau za a gama.

'Ya'yan uku suka matso suka durƙusa a gabansa, ba wanda ya miƙa hannu. Ya dube su, bai ga fuskar kowa ba, inuwa uku kawai yake gani, hasken durumi a bayansu. Ya ɗaga akwatin daga cinyarsa, ya riƙe shi a sama, hannun ya ƙi zuwa ko'ina.

To jama'a, a nan na tsaya, saura ku. Ga wanda ya zubar da girman kansa ya samo wuta, ga wadda ta raba ta har ta shawo kan masu rashi, ga wanda ya hau sama da tsoronsa ya hana ta kisa. In ku ne Malam Isiyaku, a hannun wa za ku sauke akwatin nan?